Na'inna Mai Kitso da Uwar Ɗan Fari

"To ni dai na gaya miki, Inna, ba za mu koma ba."

"Na ji. Sunkuyar da kanki."

"An yanka akuya fa."

"Na ce na ji, 'yar nan. Akuya ba ta hana kai sunkuyawa. Wai wannan gashin yaushe rabonsa da mataji? Ko shi ma an yanka masa akuya an ce ya warke?"

Lauratu ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ta sunkuya. Tana zaune a tabarma tsakanin gwiwoyin Na'inna, jaririyarta Saudatu tana barci a gefe. Gidan yana bayan tashar da ake lodin motocin Zariya, don haka duk abin da ake faɗa a tsakar gidan, muryar 'yan kamasho na ratsa shi.

Abin da ya faru shi ne, a farkon damina muƙamuƙin Ɗanjuma, ɗan Lauratu mai shekara shida, ya kumbura har haƙoransa suka fara girgiɗi. Daga Kaboji aka kawo shi asibitin Kontagora, daga nan aka tura su Zariya, aka ce ciwon daji ne. Aka sa masa magani ta jijiya, kumburin ya sace kamar an huda shi. Da za a sallame su likita ya ja wa Lauratu kunne: ciwon kwanciya ya yi, bai mutu ba, akwai sauran magani, lallai su dawo Litinin ta farkon wata. Amma da suka isa gida, kakan yaron, Malam Maigandi, ya ga fuskar jikansa ta dawo daidai. Tsoho ya fashe da kuka, ya yanka akuyar da ya yi alkawari, ya tara gari, liman ya shafa fatiha, aka shaida cewa Allah ya ba da lafiya. Yanzu ga Litinin ta matso, babu mai bakin cewa da saura.

Na'inna ta lakato man kaɗe ta murza a tafin hannu. Ta kama bakin gashin ta fara tsefewa a hankali. Ta sha gaya wa masu koyo a wurinta cewa gashi in ya cukuikuye ba a fara masa daga tushe, sai mai kai ta yi ihu ta gudu. Daga baki ake bi.

Ita haifaffiyar Kontagora ce, 'yar wani mai fataucin goro. A hannun gwaggonta Nana ta koyi kitso, wadda ke yi wa matan ma'aikata da matan malamai, mace mai hannu kamar auduga da baki kamar barkono. Na'inna ta gaji hannun gaba ɗaya, bakin kuwa rabi. Ta auri Muhyiddin mai gyaran keke, mutumin da zai wuni yana ɗaure sarƙa bai yi magana goma ba, suka haifi Raliya da Nababa. Da a ce rayuwa ta tafi yadda ta faro, da abin da za a faɗa a kanta bai wuce cewa shukunta yana wata guda bai tashi ba.

A shekarar tamanin da huɗu irin wannan kumburi ya kama Nababa. Ta yi watanni a ɗakin yara a Zariya, tana kwana a tabarma a gindin gado, ita da mata iri-iri: Kambari, Nufawa, Fulani, Yarbawa. Duk sun manta suna da kai. Wata rana wata Bayarabiya mai suna Barakatu ta tuge ɗankwalinta ta zube gaban Na'inna, ta ce da gurɓatacciyar Hausarta, "Mai kitso, yi min kafin kwarkwata ta ɗaura aure a ciki." Tana jin hannu a kanta sai bakinta ya ɓalle. Miji, shago, yaran da ta baro, abincin da ɗanta ke ƙi, duk ta zubo su a haɗe tana kuka. Abin da ya fito daga bakin Na'inna shi ne abin da ta saba faɗa wa gashi: "Tsaya, ɗaya-ɗaya. Wanne ne na gaba?" Kafin a gama kai, Barakatu da kanta ta san wa za ta aika wa saƙo, ta san abin da za ta bari sai an sallame su. Ta miƙe tana godiyar shawara, alhali ba a ba ta ko guda ba.

Nababa bai dawo gida ba. Na'inna ta yi kusan shekara ba ta taɓa kan kowa ba, har ranar da Sista Naomi ta asibitin gari ta turo mata wata mata da aka ce ta kai ɗanta Zariya, ta tsaya a bakin tasha ta kasa shiga mota. Tun daga ranar abin ya zama al'ada. Duk uwar da aka tura, sai a ce mata, "Biya ta wurin Na'inna ta gyara miki kai kafin tafiya." In an kira ta mai shawara sai ta ɓata rai. "Ni tsinke gare ni," in ji ta. Ta tsaga, ta tambayi wanne ne na yau, wa zai iya taɓa shi, in wannan ƙofa ta ƙi wace ce kusa da ita. In mace ta dawo ta ce abin bai yi ba, sai ta ce ai kitso ma ana tsefe shi a sake.

Yanzu ta ɗora tsinke a goshin Lauratu ta ja tsaga ta farko.

"Faɗa min abu ɗaya da ya hana."

"Komai ne, Inna."

"Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle komai. Mota ce?"

"A'a, an fara haƙar doya, mota ba za ta gagara ba."

"To wannan ya kitsu tun ban taɓa shi ba. Wannan mai minsharin fa?"

"Da ita na je wancan karon. Ba ta da rigima."

"Ba ta gado ki ba ke nan. Sai me?"

Lauratu ta ce yaron yana tsoron maganin. Yana sa shi amai, bakinsa ya yi gyambo, ya ƙi abinci, ita kuma ta zauna tana kallonsa yana ramewa.

"Babu abin da ya shiga cikinsa duk zamanku?"

"Kunun tsamiya yana masa zafi. Sai na gyaɗa, in ya huce sosai, da ƙaramin cokali."

"Wa ya koya miki?"

"Ni na yi ta gwadawa."

"Kin ji ki. Kin san wannan, kika zo kina ce min komai." Yatsun Na'inna suka bi layin suka sauka har ƙeya. Ta sake tsagawa. "Mijinki ya ji abin da likita ya ce?"

"Ya riga ya koma gona lokacin. Na gaya masa. Ya ce, so nake ya tsaya gaban su Baba, mahaifinsa, ya ce sun yi ƙarya gaban liman?"

"To ke ki gaya wa tsohon mana."

Lauratu ta fizge kai har gashin ya kuɓuce. "Haba Inna! Na fari ne fa."

Na'inna ta sani sarai. So take maganar ta fito fili, a gan ta ita kaɗai. A gida irin na su Malam Maigandi, ɗan fari na kakanni ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban surukai, in ya faɗi ba ita ke rugawa ba. Matar da ta tsaya gaban surukinta tana zancen ciwon ɗanta na fari, ta zubar da kunyar gidansu kaf.

"A Zariya kam na rungume shi," Lauratu ta ce a hankali. "Babu wanda ya san ni a can. Har sunansa na kira. Muna sauka a Kaboji na mayar musu da abinsu."

Na'inna ta tattaro gashin ta ci gaba. Ta ji abin a ƙirjinta, amma ba ta bari ya sauko hannunta ba.

"To ga shi nan. Duk sauran ciyawa ce, wannan ne kututturen. Kawo hanyoyi, ko na hauka ne."

"In saɓe shi da asuba in gudu."

"Hanya ce. Kin gudu, an yi wannan karon. Na gaba fa? Na bayansa fa?"

"Ba zan ƙara ganin ƙofar gidan ba."

"To ajiye ta can. Wata."

"Liman."

"Uhm."

"A'a. Shi ya shafa fatiha. Kunyar ta zama ta mutum biyu." Ta ɗan yi tunani. "Sista Naomi ta je? Su Baba za su shimfiɗa mata tabarma, su kama mata kaza, su ce to. Tana juya baya shi ke nan." Sai ta kama ƙafar Na'inna. "Ke ki zo, Inna. Ke za su ji taki."

"Ni wa? A ce ga wata 'yar birni ta zo koya wa Maigandi godiyar Allah? Sakar min ƙafa."

Gaskiya ta so zuwa. Harshenta har ƙaiƙayi yake, don ta san kalmomin da za ta jera wa tsohon. Amma tafiya ba ɗaya ba ce a gaban yarinyar nan, kuma duk ƙullin da baƙo ya yi, yana fita gari yake kwancewa.

A tasha wani yana ta kiran saura mutum ɗaya. Can Lauratu ta ce, "Inna, tsakaninki da Allah. In mun koma zai warke?"

"Ban sani ba, 'yata. Nawa na kai shi har ƙarshe, Allah ya karɓi abinsa. Na Barakatu gado ɗaya ne tsakaninsu, yanzu yana koyarwa a sakandare a Ilori, an ce har dukan 'ya'yan mutane yake. Wannan ba a hannuna yake ba, ba a naki ba. Abin da na gani da idona shi ne, waɗanda suka tsaya a rabi, kumburin yakan dawo ya same su."

Lauratu ta fashe da kuka. Na'inna ta bar ta ta yi kukanta, ta dafa kan da tafin hannu kamar mai jin zafin tukunya. Da ya lafa sai ta ce, "Bar yaron tukuna. Tsohon nan me yake tsoro?"

"Kada a ce ya yi wa Allah godiya a kan abin da bai samu ba."

"Bai samu ba? Kumburin bai sace ba?"

"Ya sace."

"To wane irin mutum ne shi? Ban san shi ba, ba ni labari."

"Su Baba?" Lauratu ta share hanci da bakin zani, har muryarta ta ɗan saki. "Ba sa kwana da alherin mutum. Ka ara musu fartanya, sai doya ta biyo ka gida. Wani direba ya taɓa rage musu hanya daga Mashegu, sai da suka yi wata biyu suna cigiyarsa. Ko jiya suna cewa, mutanen nan da suka yi wa abokina aiki, ko fuskarsu ban..."

Ta tsaya. Na'inna ta ci gaba da kitsonta kamar ba ta ji ba.

"Inna, ba su gode wa likitocin ba."

"Ashe?"

"In suka tafi godiya da kansu, ai da yaron za su. Likita ya gaya musu baki da baki. Gani ya kori ji."

"Wannan ta fi gudun asuba. Amma ki ji ni da kyau. Ba za ki ja shi da ƙarya ba. Tsoho in ya gane gaban baƙi cewa an yi masa dabara, kin rasa shi har abada. Tun daga gida zai san akwai sauran magani."

"To wa zai gaya musu?"

"Ni kike tambaya? Ni na auri ɗansu? Wa ke faɗa masa magana ya haɗiye?"

"Iya ce kawai, uwar mijina."

"Ita kuma wa zai gaya mata?"

"Ba zan iya kallon idonta in yi zancen yaron ba. Wallahi ba zan iya ba."

Na'inna ta kama layi na ƙarshe, na bayan kunne, wanda ya fi kowanne gardama. Tana cikin kitsa shi ta ji wuyan Lauratu ya ƙage a hannunta.

"Inna. Tun da na zauna nan ban ga fuskarki ba."

"Ba ki yi asarar komai ba."

"Ni nake yi wa Iya kitso."

Na'inna ta ƙulle jelar, ta bugi kafaɗarta. "Tashi." Ta sauko daga kujerar tana nishi, ta zauna a tabarma, ta cire ɗankwali, furfura ta bayyana. "Hau. Ni ce Iya. Gwada in ji."

"Kai, Inna!"

"Wace Inna? Ke matar Audu, hannunki ko ƙaya? Yi a hankali, gashin nan ya girmi ubanki."

Lauratu ta tuntsire da dariya, don kuwa haka tsohuwar ke magana, har sunan mijin an faɗa daidai. Ta zauna, ta ɗauki mataji, ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ta sake gwadawa ta fara da likita, Na'inna ta katse ta: "Likita ya fi liman ne?" Ta fara da akuya, aka ce mata, "Naman bai ishe ki ba?" Sai a karo na gaba ta samo bakin zaren. Kaka takan kira jikanta namiji mijinta, don wasa. Ta nan Lauratu ta shiga.

"Iya, wannan ƙaramin maigidan naki. Mutanen Zariya sun ce addu'arku ta ci, ciwon ya kwanta. Sun ce saura a bi saiwar, kada ta tofo. Ni ba ni da bakin faɗa. Naki ne."

Kan Na'inna yana sunkuye tsakanin gwiwoyin yarinyar. Rabon da wani ya riƙe mata kai haka, tun Raliya ba ta yi aure ta tafi Bangi ba.

"Haka za ki faɗa," ta ce. "Kada ki ƙara gishiri. In ta ƙi, ki dawo mu tsefe. Ba ni ɗankwalina, kin ga asirina."

Ranar Litinin Na'inna ta tashi da buƙatar albasa, ko da yake akwai albasa a gidan. Muhyiddin ya dube ta ta saman tayar da yake liƙi, ya ci gaba da aikinsa. Mai albasar kuwa a bakin tasha take. Na'inna ta taya, ta ƙi saye, ta sake tayawa. Fijo ta farko ta cika ta tashi. Ta biyu ta fara lodi. Mai albasa ta ce, "Na'inna, in jira kike ga benci, ki daina wulaƙanta min kaya."

Rana ta ɗaga sosai sannan wata a-kori-kura ta shigo daga hanyar Mashegu, taɓo har gilashi. Wani dogon tsoho ya sauko cikin babbar riga mai karin guga, irin wadda ba ta fita sai da dalili. Ya miƙa hannu ya sauko da wani siririn yaro mai hula har kunne. Sannan aka fara sauke doya, manya-manya, an ɗaure su da igiya bibbiyu, ana loda su a Fijo ta biyu.

"Kai, yaro! Ba a ƙarƙashin taya ba," tsohon ya daka wa ɗan kamasho tsawa. "Ta likita ce. In ta ƙuje kai za ka je ka ba shi haƙuri?"

"Baba, wannan ai kujerar mutum biyu za ta ci."

"Ta ci. Ta fi wasu mutanen amfani."

Yaron ya ja masa riga. "Tsoho, kai ma sai an yi maka allura. Na gaya wa sista kana tsoro."

"Ni? Ja can, mai kan ƙwarya. Wa ya yi ta ihu da aka zo cire masa ƙaya?"

Lauratu ce ta sauko a ƙarshe, goye da Saudatu, ƙullin gyaɗa a hannu. Ta tsaya nesa da su tana kallon ƙasa, kamar hanya ce kawai ta haɗa su. Da ta hango Na'inna sai ta zagayo ta bayan motar, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Yaya ta kaya?"

"Har na gama kan ba ta ce uffan ba. Da na ƙulle na ƙarshe sai ta ce na ja mata gashi. Na ce shi ke nan, ta ƙi. Washegari na fito ɗiban ruwa na tarar da su Baba suna zaɓen doya. Maigidana ya ce a masallaci su Baba sun faɗa wa mutane wai godiya saura rabi, magani ma saura, Allah ba ya son aikin da aka bari a hanya."

"Shi ya faɗa da bakinsa?"

"Kamar su suka gano abin."

"To su suka gano. Kada in ji kin ce wani abu daban." Na'inna ta leƙa ƙullin. "Cokalin fa?"

"Yana ciki."

"Karo na gaba wa zai kawo shi?"

Lauratu ta ɗan yi murmushi. "Wannan sai mun dawo, Inna. Ban kai nan ba."

Ɗan kamasho ya buga bayan motar. Tsohon ya shige gaba ya ɗora jikansa a cinya, yana ta yi wa direba bayanin yadda ake bi da rami in akwai doya a mota. Lauratu ta shiga can baya. Motar ta yi tari, ta fita daga tasha, ta hau titi.

Na'inna ta tsaya har ta daina hango ta. Sannan ta sayi albasar, don kada a ce ta zauna a bencin mutane a banza. Ta ƙulle ta a bakin mayafi, ta ratsa ta bayan masu tsire, ta nufi gidan alƙali, inda mai jego ke jiranta da kai a tsefe, gobe suna.